Sati shida a wani kilinik ɗin fisiyo a Jos, abun da na samu da abun da ya ban haushi

Tunda na koma makaranta 'yan ajinmu da ƙannenmu na ƙasa suke damuna da tambaya, wai ya wurin nan da kika yi hutu a Jos, ana koyon abu kuwa ko ɗumama benci kawai ake, nawa suka karɓa, suna bari a taɓa mara lafiya? Toh bari na faɗa sau ɗaya kowa ya huta. Sunan wurin dai bazan kama ba, dan akwai abubuwan da zan faɗa waɗanda ba yabo bane kuma matar da ke da wurin ta min halacci. Kilinik ne mai zaman kansa na fisiyo, wato gashin ƙashi, in ka hau keke daga Terminus bai fi minti sha biyar ba in hanya ta yi kyau.

Ni 'yar aji huɗu ce a fisiyo, gidanmu na Anguwar Rogo. Abun da ya kaini wurin shine a makaranta in muka je fostin, wato koyon aiki a asibiti, sai ka ga mun fi goma a kan mara lafiya ɗaya, na gaba ya taɓa, na tsakiya ya leƙa, mu na baya sai ƙeyar mutane muke kallo muna gyaɗa kai kaman mun gane. Ranar da aka ce in gwada ƙarfin ƙafar wani bawan Allah hannuna rawa ya dinga yi, alhali a takarda na ci wannan darasin da maki mai kyau. Nan na san akwai matsala. Da hutu ya zo nace wlh bazan zauna gida ina wanke-wanke da kallon waya ba.

Ga waɗanda basu san karatun ba, tunda har kawuna sai da ya tambayeni wai shekara biyar zan yi ina koyon tausa, ga yadda yake. A JAMB Turanci ake rubutawa da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, irin na masu neman likitanci sak. Shekarar farko kimiyya ce zalla, daga aji biyu a shiga anatomi da fisiyoloji da bayokemistiri, har ɗakin gawa muna shiga mu fiɗe mu ga tsoka da jijiya da idonmu, ƙasusuwan jiki 206 sai ka san kowanne da inda tsoka ta kama shi da jijiyar da ke motsa ta. Daga baya a shiga asibiti, ɓangaren ƙashi, ɓangaren ƙwaƙwalwa da laka, yara, masu ciwon ƙirji da zuciya, mata masu ciki da masu jego. Shekara 5 kenan, duk da yanzu wasu jami'o'in sun fara komawa tsarin DPT, wato digirin dokta na fisiyo, na shekara 6. In ka gama hukumar MRTB, mai ba 'yan fisiyo lasisin aiki, ta rantsar da kai, ka yi intanshif, wato horon aiki a asibiti, na shekara ɗaya, sannan bautar ƙasa. Kawu da ya ji zancen gawa bai ƙara cewa tausa ba.

Kuɗin da suka karɓa a wajena dubu 30 ne na sati shida, kuma ba rasit, tiransfa na yi zuwa akawun ɗin wata da ke zama a tebur ɗin gaba. Wannan tun farko bai min daɗi ba, zan dawo kanshi.

Wurin kanshi ba wani babba bane. Gida ne aka mayar kilinik, falo ya zama wurin jira, ɗakuna biyu an raba su da labule an sa gadaje, sai babban ɗaki na baya da suke ce wa jim, nan ne akwai sandunan ƙarfe biyu da ake koyon tafiya a tsakaninsu, babban madubi, keken motsa jiki, ƙatuwar ƙwallon roba, igiya mai kura da ake jan hannu da ita, da 'yan buhunan yashi da tela ya ɗinka musu. Injina kuma fitilar gashi guda biyu, TENS guda uku (ɗan injin da ake manna wayoyinsa a fata dan rage ciwo), altirasawun ɗaya (na magani, ba na hoton ciki ba), sai wani tsohon injin gashi da ake ce wa shotwef da ya mutu an lulluɓe shi da zani an ɗora fulas ɗin shayi a kai. In kana neman wuri mai ƙyalƙyali dan ɗaukar hoto ba nan bane.

Ranar farko na zo da farar rigata a goge ina jin kaina, Madam, mai wurin, ta kalleni sama da ƙasa tace sati biyu bazaki taɓa min inji ko ɗaya ba, ki zauna ki ji mutane. Madam 'yar Filato ce, ba Bahaushiya ba, amma Hausarta irin ta Jos ɗin nan ta fi ta wasu da yawa cika, kuma a bakinta na fara gane cewa duk tambayoyin da muka haddace da Turanci basu da amfani in baka iya juya su zuwa maganar da tsohuwa zata gane ba. A littafi ciwo ciwo ne, ka tambaya daga 0 zuwa 10 nawa ne. Toh je ka tambayi Hajiya 'yar shekara saba'in daga sifili zuwa goma, kallon mahaukaci zata maka. Madam cewa take Mama yana sara ne ko yana zugi, yana suka kaman allura, ko minjirya yake yi, ko ji kike kaman kiyashi na tafiya, da safe ya fi ko da dare, in kin yi ruku'u fa, in kin tashi daga sujada fa, tabarma kike sallah ko kin koma kujera? Kowace amsa da inda take nuna mata. Wanda yace zugi daga ƙugu yana sauka ta bayan cinya har ɗan yatsa, ta san jijiya ce aka danne a baya. Wadda tace gwiwa na riƙewa da safe in ta ɗan motsa ya sake, kuma matakala ce abokiyar gabarta, ta san gaɓar ce ta fara cinyewa. Littafi guda na cika da irin waɗannan kalmomin, kuma ni a wajena wannan kaɗai ya biya kuɗina.

Wani abu kuma ƙarami amma bana mantawa, lokacin Disamba ne, kun san sanyin Jos ba wasa, na kai hannu zan taɓa bayan wata mata tayi tsalle kaman na ɗora mata ƙanƙara. Madam bata ce komai a gabanta ba sai da muka fito tace ki dinga murza hannunki yayi ɗumi, tsokar da ta tsorata bata sakin jiki, duk abun da kika gwada bayan nan ƙarya zai baki. Haka take gyara, a waje, bata taɓa yarfa ni gaban mara lafiya ba, ko ranar da na tsaya ta ɓangaren lafiyayyar ƙafar wani mutum ina koya masa tafiya maimakon ta ɓangaren da ya shanye, ido kawai ta min na zagaya.

Mutumin nan shine wanda na fi daɗewa a kanshi. Dattijo ne dillalin tumatir a Farin Gada, hawan jini ya buge shi ɓarin dama ya shanye, magana ma ta sarƙe, tunda matsalar a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa take kuma a yawancin mutane nan ne wurin magana. 'Ya'yansa maza biyu ke kawo shi, masu biyayya sosai, amma in zasu sauke shi daga keke ta shanyayyen hannun suke jansa, har kafaɗar ta fara sauka daga gurbinta, in ka sa yatsa zaka ji rami. Ranar ne kawai na ga ran Madam ya ɓaci, ta tsayar da su a bakin ƙofa tace ku ne zaku ƙarasa hannun nan ba ciwon ba, ta nuna musu yadda ake riƙe shi ta ƙugu, yadda ake sa filo ƙarƙashin hannun in ya kwanta, da juya shi duk bayan awa biyu kar bayansa ya yi gyambo.

Su kuma abun da suke so wuta. Kullum babban ɗan sai yace Madam yau ba za a sa wa Baba wuta bane, mu fa gashi muka biya. Kuma ba su kaɗai ba, kusan kowa in ba a kunna masa jar fitilar nan ko an manna masa waya ya ji zirrr ba gani yake an cuce shi, sunan ma da muke kiran aikin da shi, gashin ƙashi, shi ya jawo mana. Madam tace masa wuta tana rage ciwo amma bata taɓa tada hannun da ya shanye ba, abun da ke tada shi maimaici ne, ƙwaƙwalwa ta sake koyon hanya. Sai ta juya tace Baba me kake so ka fara yi da kanka? Ya daɗe yana kokawa da bakinsa kafin kalmar ta fito, alwala. Shikenan aka ajiye duk wani tsari, aka aiko da buta daga gida, ita ce ta zama kayan aikinmu. Farko babu ruwa a ciki, daga baya kwata, daga baya rabi. Tashi daga kujera da zama sau goma, a huta, a sake. Muna da ma'aunin ƙarfin tsoka daga 0 zuwa 5, sifili babu ko motsi, ɗaya ka ga tsokar ta ɗan harba, uku mutum ya iya ɗaga gaɓar sama da kansa, biyar lafiya lau. Hannun Baba a ɗaya na same shi, satina na ƙarshe gwiwar hannun ta kai uku, yatsu dai da saura sosai kuma Madam bata ɓoye musu ba cewa ƙila ba zasu dawo kaman da ba. Wannan gaskiyar tata na burge ni, dan akwai wuraren da zasu ce maka sati huɗu zai yi gudu saboda ka biya kuɗin zuwa goma a dunƙule.

Talata da Alhamis ranar yara ce, ranar kuka. Jarirai da aka ja hannunsu wurin haihuwa jijiyoyin wuya na C5 da C6 suka taɓu, hannun ya saki ya juya baya. Yaran da aka yi wa allura a ɗuwawu ba a wurin da ya kamata ba aka taɓa babbar jijiyar ƙafa, sai ka ga yaro na jan ƙafa tafin ya faɗi, kuma kusan duk a kemis ɗin unguwa aka yi saboda zazzaɓi. Sai waɗanda shawara ta kama suna jarirai ko suka daɗe basu yi kuka ba bayan haihuwa, shekara biyu wuya bai tsaya ba. Da yawan iyayen an riga an ce musu iska ce, sun zaga sun gaji kafin su iso. Madam bata musu dariya kuma bata musu wa'azi, cewa take ku ci gaba da addu'a, amma wannan motsin sau uku a rana kar ya wuce ku, ta kama hannun uwar ta ɗora a kan yaron har sai ta iya da kanta. Hujjarta itace mu awa ɗaya muke ganinsa, sauran awannin na uwa ne.

Haka ma zancen masu ɗori. An kawo wani yaro da ya faɗo daga bishiyar mangwaro aka kai shi ɗori aka ɗaure tamau, ƙashin ya haɗe amma gwiwar hannun ta sage ko loma baya iya kaiwa baki. A kanshi na koyi riƙe goniyomita da kyau, ɗan ma'aunin nan mai kama da rula biyu da ake auna lanƙwasar gaɓa, na farko da na auna Madam ta sake aunawa aka samu bambancin digiri kusan ashirin, kunya kaman ƙasa ta tsage. Na buɗe baki zan fara zagin mai ɗorin ta taka min ƙafa. Daga baya tace in kika zagi wanda suka yarda da shi gobe ba zasu dawo ba, abun da zaki faɗa musu shine in aka ɗaure hannu yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka fara baƙi, a kwance a ruga asibiti a daren, kar a jira gari ya waye.

Toh yanzu inda suka gaza, kuma ba kaɗan bane.

Na farko da ya fi ban mamaki, kilinik na masu shanyewar jiki da karaya amma matakala uku ne a ƙofar shiga, babu gangaren keken guragu, sai an ciccibi mutum kaman buhu. Banɗakin ma haka, ƙofa ƙarama, babu ƙarfen dafawa. Na yi wa Madam magana tace mai gidan haya ne ya hana a fasa, ni dai ban gamsu ba, ko na katako ai kafinta zai buga a yini ɗaya.

Na biyu, akwai wani yaron wurin da ba fisiyo bane, bai yi karatun ba, mai taimako ne kawai, amma in Madam ta fita sai ya saka farar riga mutane na ce masa likita yana amsawa. Ranar nan ya matso da fitilar gashi kusa da ƙafar wata mai ciwon suga, su kuma da yawansu ƙafar bata jin zafi sosai, da ban leƙa na ga fatar ta yi jawur ba da ta ƙone tana zaune tana hira. Kafin a sa wa mutum zafi dole a gwada ko fatarsa na bambance ɗumi da sanyi, wannan tun aji uku ake koya mana, haka TENS ba a sa wa mai batirin zuciya. Na faɗa wa Madam ta yi masa faɗa, amma har na bar wurin yana nan yana kunna inji. Dan haka duk wanda zai je irin waɗannan wuraren, ko nan ko wani, ya tambayi waye zai taɓa shi, kuma ba rashin kunya bane ka ce a nuna maka lasisin MRTB na wannan shekarar, duk shekara ake sabuntawa. Na Madam yana rataye a bango, na duba.

Sai wuta, ta NEPA nake nufi. In aka ɗauke ba a tada janareta sai masu buƙatar inji sun taru, sai a ce maka ƙarfe tara ka zo ba a ganka ba sai sha ɗaya. Labulen ma gajeru ne, mace na kwance an buɗe mata baya ana wucewa, har sai da wata Hajiya ta dinga zuwa da zaninta tana ƙarawa. Namijin fisiyo ɗaya ne kuma sai yamma yake zuwa bayan ya tashi daga aikinsa, dattawan da basa so mace ta taɓa su sai su yi ta jira. Fayil kuwa a kwali ake zubawa, neman na mutum ɗaya sai ya ci minti goma.

Mu ɗalibai kuma, mu uku ne lokacin, babu wani tsari a rubuce na abun da za a koya mana. In ranar da sauƙi Madam zata zaunar da mu ta yi ta bayani har da tarihi, a bakinta na ji cewa a 1945 aka fara koyar da aikin nan a Najeriya a asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, Jami'ar Ibadan ta fara ba da digirinsa a 1966, dokar da ta kafa MRTB kuma ta 1988 ce, mu nan arewa BUK da Jami'ar Maiduguri ne suka daɗe suna yaye mutane. Tana yawan tsokanarmu wai ta san duk Ingila da Saudiyya muke hange, mu dai tsaya mu iya aikin tukun. Amma in ranar cika ce, toh kun zama 'yan aike, wanke tawul, sayo fetur, goge gado. Ban ƙi goge gado ba, aikinmu ne, amma mutum ya biya dubu 30 kuma a aike shi gidan mai da jarka, abun da ciwo.

Abu ɗaya da nake so ƙannenmu su gane, wannan zaman ba intanshif bane kuma baya shiga lissafin makaranta, intanshif sai bayan an rantsar da kai kuma a asibitin da hukuma ta amince da shi. Wannan na ƙarin hannu ne kawai. In kana aji biyu kar ka ɓata kuɗinka, baka san tsokar ba balle ka gwada ta, zauna ka haddace anatominka. Daga ƙarshen aji uku zuwa sama shine zai maka amfani. Ka je da goniyomitarka da tef ɗin awo da 'yar gudumar gwada jijiya dan nasu guda ɗaya ne kowa na jira, da ƙaramin littafi, da takalmi mara tsini, da suwaita in lokacin sanyi ne. 'Yan uwana mata a sa hijabi gajere ko a soke shi cikin riga, nawa dogo sau biyu yana shiga tayar keken motsa jiki.

In maki zan bayar, koyarwar Madam huɗu da rabi cikin biyar, gini da tsari biyu, kuma biyun ma dan suna share wurin tsaf ne. Zan koma hutu mai zuwa? Eh zan koma, amma wannan karon sai an ban rasit kuma sai mun yi magana a kan jarkar fetur.

Ranar da zan tafi 'ya'yan Baba suka shigo da kwandon tumatir da attaruhu wai na 'yarsa likita ne, nace Baba ni ɗaliba ce tukun, ya ɗaga hannun daman nan a hankali ya min alamar in yi shiru. Mamanmu sai da ta yi kwana uku tana markaɗe tana rabon maƙwabta. Takardar shaidar zaman da suka ce zasu bani kuwa yau wata biyu kenan, ƙanina ya je sau huɗu, kullum wai mai buga takardar bata zo ba.